Dakata, Daina, Kashe: Yadda Na Yi wa Injin Sassaƙa Akala da Hausa

Injin sassaƙa da ake kira CNC ba shi da ido, ba shi da kunne, kuma ba ya tambaya. Abin da ya sani kawai shi ne jerin umarnin da kwamfuta ke aika masa layi bayan layi: je ka wuri kaza, nutsa cikin katako zurfin milimita kaza, yi tafiya da saurin kaza. In an ce ya bi ta inda ƙusa take zai bi, in yatsa ne a wurin ma zai bi. Asalinsa daga Amurka ne. A ƙarshen shekarun 1940 wani mai masana'anta a jihar Michigan, John T. Parsons, ya fara amfani da lissafin na'ura wajen fitar da siffar fukafukan jirgi mai saukar ungulu, rundunar sojan sama ta ƙasar ta zuba kuɗi a aikin, sannan a 1952 Cibiyar Fasaha ta Massachusetts ta nuna injin yankan ƙarfe mai karanta umarninsa daga zaren takarda mai huji-huji. Abin da a wancan zamani sai gwamnati ke iya mallaka, yau ana sayar da jikansa a cikin kwali, mutum ya haɗa shi da kansa a kan tebur.

Nawa irin ƙananan nan ne da ake kira 3018, domin filin aikinsu santimita 30 ne a tsawo, 18 a faɗi. Ƙwaƙwalwarsa wani ɗan allon lantarki ne mai suna Arduino Uno, wanda ke ɗauke da manhajar Grbl, wadda wani ɗan ƙasar Norway, Simen Svale Skogsrud, ya fara rubutawa a 2009 ya sake ta kyauta. Ƙananan injuna uku masu tafiya taku-taku ne ke motsa shi, kowanne sai ya yi taku 200 kafin ya cika zagaye ɗaya. Na huɗu shi ne mai juya bakin da ke cin katakon. Turawa sun ba wannan sunan abin kaɗin auduga, don haka ni ma mazari nake ce masa. Da shi nake fitar da allunan suna na ƙofar ofis, da dagi a jikin madaci, wani lokaci da hatimi. Sha'awa ce ta ranakun Asabar, ba sana'a ba.

Irin wannan inji yakan zo babu abin dannawa ko ɗaya a jikinsa. Komai ta kwamfuta ake yi, kwamfutar kuwa dole a ajiye ta nesa saboda garin katako, balle a watannin hunturu da ƙura ke neman kowace kafa. Ga shi kuma akwai aikin da ba ya yiwuwa daga nesa. Kafin a fara sassaƙa sai an sauko da baki har ya taɓa fuskar katako daidai, ba ƙari ba ragi. Dabarar da aka saba ita ce a sa fallen takarda a tsakani, wadda kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, a riƙa saukowa kaɗan-kaɗan ana jan takardar har a ji bakin ya fara kama ta. Hannu ɗaya na kan takarda, ido na kan baki, ɗaya hannun kuma ana so ya miƙa kamu huɗu ya nemo wani ɗan murabba'i a fuskar kwamfuta. Shi ya sa masu irin wannan sha'awa a ko'ina suke ƙera wa kansu ɗan akwati mai abubuwan dannawa, haɗe da injin ta doguwar waya. A Turanci suna kiransa da sunan abin wuya mai reto. Ni akala na ga ta fi dacewa da shi, tun da igiya ce da ake jan abin da ya fi mutum ƙarfi da ita.

Da ni kaɗai ne, da na kwafi sunayen Turanci na manna, magana ta ƙare. To, ba ni kaɗai ba ne. Akwai wani saurayi, yaron kafintan unguwarmu, da ke zuwa taya ni, wanda ya fi ni sanin katako nesa ba kusa ba: da jin ƙarar baki yakan gane an shiga gaɓa mai tauri. Yana karanta Hausa da boko da ajami ba gargada, Turanci kuwa sai ya tsaya ya haɗa baƙi. Abin da zai danna a lokacin da abu ya ɓaci bai kamata ya zama abin da sai ya fassara a ransa ba. Mu da muke nazarin Hausa mun daɗe muna aikin ƙirƙirar kalmomi, kuma Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya wadata mu da na nahawu da adabi. Amma a zauren taron ƙara wa juna sani, kalmar da ba ta zauna daidai ba muhawara kawai take jawowa. A gaban mazarin da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya, farashinta yatsa ne. Abin da na gani a wannan aiki shi ne Hausa ba ta gaza ba ko a wuri ɗaya. Wahalar da ta ba ni ta tilasta mini yanke hukunci ce a wuraren da Turanci ya bar su a dunƙule.

Tun daga sunan abin dannawar kansa aka fara. Mai shagon kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari suwic yake ce wa kowanne. A rubuce-rubuce kuma ana cin karo da maɓalli da makunni da madanni kamar ma'anarsu ɗaya. Dukkansu sunayen kayan aiki ne masu ɗafa-goshin ma-, amma tushensu ya bambanta, bambancin kuma ya yi daidai da yadda suke aiki. Madanni, daga danna, shi ne wanda ke komawa yadda yake da zarar an ɗauke yatsa. Makunni, daga kunna, yana zama inda aka bar shi. Maɓalli kuwa daga ɓalla yake, na riga ne, aronsa aka yi saboda kamannin siffa. Akalata tana da madannai goma sha huɗu, da makunni ɗaya mai juyawa na zaɓen tsawon taku, da kuma wani babba ja wanda danna shi ake yi amma ya maƙale kamar makunni.

Ba hanya ɗaya duk suke bi zuwa ga injin ba, kuma wannan ne jigon ƙirar. Madannan da ke matsar da baki dama da hagu da sauransu ba su da ƙafar da za a liƙa su a jikin allon Grbl, domin manhajar rubutaccen umarni take jira ta wayar USB. Sai na sa wani ɗan allo na biyu, Pro Micro, wanda kwamfuta ke ɗauka tamkar allon rubutu ne. In an danna madanni sai ya aika harafi, manhajar da ke kan kwamfuta ta mayar da harafin umarni, ta tura wa Grbl, shi kuma ya motsa injin. 'Yan aike uku ke nan, kuma in kwamfutar ta shagala da wani abu, ko wani ya buɗe wata taga dabam, saƙon ya faɗi a hanya. Ga matsar da baki kafin a fara aiki wannan ba komai ba ne, a sake dannawa. Ga tsayar da inji kuwa, zuwa da kai ya fi aike. Grbl ta ware ƙafafu uku a jikin Arduino domin haka, A0 da A1 da A2, kowace an bar ta a kan volt 5, madanni yana haɗa ta da layin ƙasa ne kawai, umarni ya isa ba tare da kwamfuta ta sani ba. Babban jan nan kuma ko allon bai bi ta kansa ba. Wutar injunan yake yankewa kai tsaye.

Wayoyin ƙafafun nan uku suna da wani hali da ya kamata a sani. Abin da ke riƙe su a kan volt 5 a cikin allon rarrauna ne, doguwar waya kuma eriya ce. Mazarin irin wannan inji mai gawayi ne a ciki, yana tartsatsi, don haka da an kunna shi sai allon ya ji kamar an danna abin da ba wanda ya taɓa, aiki ya tsaya a tsakiya. Maganinsa a murɗe wayoyin biyu-biyu kamar tufkar igiya, a raba hanyarsu da ta wayar mazari, a sa ƙaramar kafasita tsakanin kowace ƙafa da layin ƙasa a kusa da allon. Kafasitar tana kuma shanye rawar da ƙarfen cikin madanni ke yi na ɗan ƙiftawar ido in ya haɗu, wadda kan sa a ƙirga danni ɗaya a matsayin uku.

Sunayen waɗannan ukun ne suka fi cin lokacina. A jikin allon an rubuta Hold da Resume da Abort. Kalmar da ta fara zuwa bakin kowa ita ce tsaya, kuma ita ce na fara jefarwa. Tsaya tana da faɗi da yawa. Mai cewa "tsaya mana in gaya maka" jira yake nema, mai cewa "agogo ya tsaya" mutuwa yake nufi. Injin kuwa yana da tsayawa iri uku, kuma rikita su shi ne haɗarin. A ta farko Grbl tana rage gudu a hankali har tafiya ta tsaya, tana riƙe da lissafin inda take, ana iya komawa aiki daga daidai wurin. Amma mazari bai daina juyawa ba. Wannan dakata ce ba tantama, domin wanda aka ce ya dakata yana nan da ransa da niyyarsa. Da na gwada kalmar a kan yaron, na tambaye shi ko zai sa hannu ya share garin katako bayan ya danna ta, sai ya ce: "Haba Malam, ai cewa aka yi ya dakata, ba a ce ya gama ba." Abin da zan ɗauki minti biyar ina gargaɗi a kai, kalmar ta riga ta faɗa masa.

Abokiyar tafiyarta ba ta ba da wahala ba, ci gaba ce, kalmomi biyu a rabe, tun da umarni ne ba sunan nan na bunƙasa ba. Ta ukun ce mai rigima. Ita tana katse komai nan take, mazari ya mutu, jerin umarnin da ke jira ya zube, kuma in injin na cikin tafiya aka danna ta, Grbl takan kulle kanta ta ba da gargaɗin cewa mai yiwuwa lissafin wuri ya ɓace. Ma'anar da ake so ita ce ta wanda ya fasa tafiya. Sai dai rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, saboda haka fasa ta janye niyya da fasa ta tulu baƙaƙensu ɗaya. A cikin jimla mahalli yakan raba gardama. A kan madanni kalma ita kaɗai take tsaye, ba na gaba ba na baya, kuma a jikin injin da ke iya tsaga katako. Na koma ga soke, wadda ofisoshi da wayoyin hannu suka saba da ita, sai na tuna injin nan aikinsa ke nan, soke abu da tsini. Bari kuma a bakin mutane ta fi kusa da "jira kaɗan". Daina ce ta rage, kuma ta isa: wanda ya daina abu ba ya komawa kansa daga inda ya tsaya. Aibinta ɗaya, ta yi kama da dakata a ido, duk da da- suka fara. Wannan ba a gyara shi da harshe ba. Na yi madannin dakata babba, rawaya, a ƙarƙashin babban yatsa, na daina kuma ƙarami, baƙi, a gefen akwati, a cikin ɗan rami yadda ba a taɓa shi bisa kuskure.

Jan madannin gaggawa yana da ƙa'idarsa ta duniya: kai mai faɗi kamar laima, ja a kan rawaya, in an buga shi ya maƙale sai an murɗa ya saki. Abin da ba a gani daga waje shi ne yadda ake ɗaura shi. Sauran madannai a buɗe suke, danni ne ke haɗa waya. Shi a haɗe yake kullum, wuta na bi ta cikinsa, danni ne ke raba ta. Hikimar ita ce in waya ta tsinke, ko ɓera ya ci ta, ko dalma ta saki, injin mutuwa zai yi nan take, a san akwai matsala tun kafin ranar buƙata. A kan allon da ake ɗorawa bisa Arduino akwai wasu ƙafafu biyu da aka rubuta wa sunan tsayawar gaggawa, amma abin da suke yi bai wuce sake tayar da ƙwaƙwalwar ba, wuta na nan a jikin komai. Ban yi amfani da su ba. Na bi da wutar injunan ta cikin rile mai riƙe kansa, wanda sai an danna koren madanni yake kamawa, kuma da wuta ta yanke ko ta wace hanya yake saki.

Wannan rile ya warware wata matsala da masu irin wannan inji a Turai ba su cika tunaninta ba. A nan ana ɗauke wuta ba sallama. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da batir, kuma ita ke ciyar da Arduino ta wayar USB, saboda haka in wuta ta tafi ƙwaƙwalwar tana nan a farke tana ƙirga taku, alhali injunan sun mutu. Ba ta da hanyar sanin ba su motsa ba, domin umarni take bayarwa, ba ta karɓar rahoto. In aka dawo da wuta bayan minti biyu, mazari zai tashi da kansa, baki ya ci gaba da yanka daga wurin da lissafi ya kai, ba wurin da yake a zahiri ba, wataƙila a lokacin da mutum ya sunkuya yana duba abin da ya faru. Da rilen, in wuta ta tafi ta tafi ke nan har sai an kira ta. Sunayen waɗannan biyun ba ni na zaɓa ba, duk mai janareto ko injin markaɗe ya riga ya san su: kunna da kashe.

A nan mai lura da nahawu zai ga akalar tana magana da murya biyu. Dakata da ci gaba da daina umarni ne ga injin, kamar yadda yaron mota ke tsayawa a bayan babbar mota yana ce wa direba "taho, taho, ya isa". Kunna da kashe kuwa umarni ne ga mutumin, shi ake ce wa ya kashe. Da daidaito nake bi, da sai in rubuta dakatar, ko kuma in ce wa injin mutu. Na farko ya yi kama da takardar ofis, na biyu kuwa ba wanda ke faɗinsa. Na bar su yadda bakin mutane ya ajiye su. A ganina, daidaiton da mai amfani da abu bai ji rashinsa ba, na mai nazari ne, ba nasa ba.

Inda Hausa ta fi matsa mini lamba shi ne jagororin tafiya. Injin yana lissafi da layuka uku, X da Y da Z, kowanne da alamar ƙari ko ragi. Na X dama da hagu ne, na Z sama da ƙasa. Na Y ne mai sarƙaƙiya. Ƙa'idar masu injuna ita ce a kullum ana bayyana tafiyar baki ne a kan katako, ko da ba bakin ne ke motsi ba. A irin injina kuwa baki ba ya zuwa gaba ko baya, faifan da aka ɗaure katako a kai ne ke zamewa. Ke nan in an ba da umarnin Y da alamar ƙari, a lissafi baki ya yi nesa da mai aiki, a ido kuwa faifai ne ya nufo cikinsa. Harafi da alamar lissafi ba su damu da wannan saɓani ba, ba su ce komai game da wanda ke tsaye a wurin ba. Aikataun Hausa ba ya iya wannan kawaici. Tun rabe-raben azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya yi a 1960 (sunan ya zo ɗaya da na mai injin Michigan, ba dangantaka) kowane ɗalibi ya san aji na shida, mai ƙarewa da -o, yana nuna motsi zuwa wajen mai magana. Da zarar na rubuta matso, na ɗauki matsayi: akwai wani abu da ke zuwa, kuma akwai wanda yake zuwa wurinsa. Sai in faɗi ko wane ne.

Na zaɓi abin da ido ke gani. Madannin da ke jawo faifai wajen mai aiki shi ne na zuwa, ɗayan na tafiya. Matso da matsa harafi ɗaya ya raba su, ga gari na iya cike ramin harafin, don haka na ɗauki taho da tafi, waɗanda asalinsu ɗaya amma sun yi nisa da juna a ido da kunne. Akwai abin da za a iya cewa a kan wannan zaɓi, kuma mai ƙarfi ne. Zanen da ke fuskar kwamfuta yana bin ƙa'idar masu injuna, saboda haka in yaron ya danna taho zai ga ɗigon da ke wakiltar baki ya yi sama, ya yi nesa. Ran da kuma ya tsaya gaban babban injin da bakinsa ne ke yawo, sai ya sake koyo. Na auna wannan na ga lokacin da hannunsa ke kan akala idonsa na kan katako, ba kan kwamfuta ba, kuma kalmar da ta saɓa wa abin da ido ke gani a daidai lokacin motsi ta fi haɗari a kan wadda ta saɓa wa zane.

Kafintan, maigidan yaron, da ya leƙo ya ga abin da muke yi, ya kawo wata shawara da ban yi tsammani ba. Ya ce dama da hagu da taho da tafi duk na wanda ya tsaya wuri ɗaya ne. In yaro ya zagaya bayan injin da akala a hannu, damarsa ta zama hagun injin, abin da aka ce ya taho kuma tafiya zai yi. Me zai hana a rubuta gabas da yamma da kudu da arewa? Haka magina da kafintoci ke yi in suna daidaita ƙofa, "ɗan matsa da ita gabas", kuma babu shagon da ba a san alƙibla a cikinsa ba. Wanda ya karanta aikin Stephen Levinson na 2003 a kan harshe da fahimtar wuri zai gane nan take cewa tsarin da ya dogara da mai kallo ne ake gwadawa da tsarin da bai dogara da kowa ba, kuma Bahaushe yana da duka biyun a bakinsa. Shawarar ta burge ni ƙwarai. Abin da ya hana ni ɗaukarta shi ne injin nan ɗan tebur ne, ana ɗaga shi a juya in za a share ɗaki, kuma ranar da aka juya shi duk rubutun ya zama ƙarya ba tare da wanda ya lura ba. Sai na ɗauki almakashi na rage wayar akala zuwa mita ɗaya, na fito da ita ta gaban injin. Yanzu ba ta kai wa baya, dole mai riƙe da ita ya tsaya inda kalmomin suke gaskiya, wanda kuma shi ne inda jan madanni yake kusa da hannunsa.

Murfin akwatin da injin kansa na sassaƙa shi, a kan siririn katako. Rubutu ƙanana irin wannan ana yin sa ne da haruffa masu layi ɗaya, waɗanda baki ke bi sau ɗaya ya wuce, kuma waɗanda aka fi samu su ne na Allen Hershey, da ya zana a shekarun 1960 a wani ɗakin binciken sojan ruwan Amurka. Suna da baƙaƙen Latin da na Girka da na Rasha, ba su da masu lanƙwasa. Kalmomi biyu a akalar suna buƙatar ƙ: ƙasa, da ƙara ta ƙarin saurin yanka, abokiyar rage. In babu lanƙwasar, madannin saukar da baki zai ce kasa, wato gaza, na sauri kuma ya ce kara. Na buɗe harafin K a manhajar zane ta Inkscape na ja masa ƙugiya da hannu. Sai da na gwada sau huɗu a kan guntun katako, domin a tsawon milimita shida ƙugiyar da ta yi kyau a fuskar kwamfuta takan cushe ta zama ɗigo, sai an buɗa bakinta fiye da yadda ake yi a bugun littafi. Na cike ramukan da baƙin fenti na goge saman.

Madanni ɗaya ne har yanzu ba a sassaƙa sunansa ba. Injin yana da wuraren farawa biyu. Na farko nasa ne na dindindin, a can kusurwa, inda yake komawa ya taɓa wasu ƙananan makunnai uku ya san iyakarsa. Wannan gida ne, kuma haka aka rubuta. Na biyu shi ne wurin da ake nuna masa a kan kowane sabon katako a ce daga nan za ka fara ƙirga, wanda ke sauyawa da kowane aiki, wanda kuma dominsa ake yin dabarar takardar nan. Ni zango na so, saboda ya yi daidai da gida: ɗaya ba ya motsi, ɗaya kuma duk inda ayari ya sauka nan ne. Yaron ya ce zango wurin hutawa ne, nan kuwa wurin tashi ne, shi mafari yake ce masa. Na ce ai daga zango ake tashi da asuba. Ya ce: "Haka ne Malam, amma sai an yi tafiya ake zango, shi kuwa bai fara ba." Mun manna farar takarda a ƙarƙashin madannin, an rubuta kalmomin biyu da fensir, ɗaya bisa ɗaya. Makonni shida ke nan, kuma na lura ko ni in zan ce ya danna shi, "sa mafari" nake cewa.